Fararen Hanyoyin Toskana: Yadda Mahaya Keke Suka Raya Turbar da Mutanenta Suka Yi Wa Ƙaura

A tsakiyar ƙasar Italiya, tsakanin birnin Filorens daga arewa da dutsen Amiyata daga kudu, akwai wani yanki na lardin Toskana wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa shi tudu bayan tudu, kwari bayan kwari, ya ƙawata shi da gonakin alkama da na inabi da na zaitun, har ya zama matafiyi ba ya gama hawan wani tudu face ya hango wani a gabansa, da gida guda na dutse a bisa ƙololuwarsa, da jerin dogayen itatuwa masu tsinin kai suna nuna hanyar zuwa ƙofarsa. Babban birnin wannan yanki shi ne Siyena. Kewaye da shi kuwa, ta gabas da kudu da arewa, akwai hanyoyi na tsakuwa masu yawan gaske, waɗanda ba a taɓa malala musu kwalta ba, kuma saboda an yi su ne da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, sai suka kasance farare fat a ƙarƙashin rana, mutanen ƙasar kuma suna kiransu Strade Bianche, wato fararen hanyoyi.

Shekaru hamsin da suka wuce, da za ka tambayi manomin wannan yanki ra'ayinsa game da waɗannan hanyoyi, galibi abin da zai ambata maka shi ne ƙura da rani, da taɓo da hunturu, da fatan ranar da hukuma za ta tuna da su ta kawo kwalta. A yau kuwa, mutane suna tasowa daga Amurka da Japan da Ostareliya, da kekunansu a cikin akwati, ba don komai ba sai don su bi waɗannan hanyoyi da ƙarfin ƙafafunsu, su sha ƙurarsu, su koma gida suna ba da labari. Yadda wannan juyi ya auku abu ne da ya cancanci a tsaya a yi masa tadabburi, domin a cikinsa akwai izina game da yadda abin da aka raina yake komawa dukiya, idan aka sami masu himmar da za su samar masa sabon amfani maimakon su tsaya ga yi masa kuka.

Asalin hanyoyin

Waɗannan hanyoyi ba jiya aka share su ba. Ta cikin wannan ƙasa ce tsohuwar turbar nan mai suna Via Francigena ta ratsa, wadda masu ziyarar ibada na Kirista da fatake suke bi daga arewacin Turai zuwa birnin Rum tun a zamanin da babu abin hawa sai ƙafa da doki da alfadari. A shekarar 990 wani babban limamin Kirista na Kantabari a Ingila, mai suna Sigeric, ya bi ta yana komowa daga Rum, ya rubuta sunayen zangunan da ya sauka ɗaya bayan ɗaya, Siyena tana cikinsu. Wannan rubutu nasa kuwa shi ne madogarar da masana suka bi a zamaninmu wajen sake gano turbar da kafa mata alamomi. Albarkacin wannan turba ce Siyena ta yi arziki a ƙarni na 13, ta zama birnin 'yan kasuwa da masu canjin kuɗi, ta gina masauki babba na baƙi da marasa lafiya daura da babbar majami'arta.

Masu mulkin birnin na wancan lokaci sun fahimci cewa rayuwar birni tana rataye ne a wuyan ƙauye, kuma igiyar da ta ɗaure su ita ce hanya. Shaidar haka tana nan har yau a bangon zauren majalisar birnin, inda wani gwanin zane mai suna Ambrogio Lorenzetti ya zana musu, a tsakanin 1338 da 1339, siffar mulkin adalci da siffar mulkin zalunci, da abin da kowanne yake haifarwa. A ɓangaren adalci ya zana hanya tana fita daga ƙofar gari tana shiga karkara, manoma suna koro dabbobinsu zuwa kasuwa, masu jakuna suna tafe da kaya, kowa yana tafiyarsa ba tare da fargaba ba. A ɓangaren zalunci kuwa ƙauyuka suna ci da wuta, gonaki sun zama kufai, babu mai bin hanya sai mayaƙa. Hikimar da ke ciki a bayyane take, cewa amincin hanya ga mai rauni yana daga cikin ma'aunan da ake auna adalcin shugabanni da su.

Amma abin da ya yawaita ƙananan hanyoyi a wannan ƙasa, har suka zama kamar jijiyoyi a jiki, shi ne tsarin noman da aka bi ɗaruruwan shekaru, wanda Italiyawa ke kira mezzadria. Shi ne noma-mu-raba, irin wanda malaman fiƙihu suka yi bahasinsa a babin muzara'a: mai ƙasa, wanda galibi attajiri ne mazaunin birni, ko kuwa wata majami'a, yakan ba iyali guda gona da gida a tsakiyarta, su kuma su ba da ƙarfinsu, idan kaka ta yi a raba amfani biyu. Da yake sharaɗi ne manomi ya zauna a cikin gonar da yake nomawa, sai gidaje suka warwatsu a kan tuddai, kowanne nesa da ɗan'uwansa, kowane gida kuma dole ya sami turbar da za ta sada shi da babban gidan mai ƙasa, da wurin niƙa, da majami'a, da kasuwa. Shanun huɗa da amalanke su suka tsara faɗin waɗannan hanyoyi da lanƙwasarsu, shi ya sa suke bin ƙirjin tudu a hankali a wani wuri, a wani wurin kuma su miƙe tsaye su haye shi ba tare da sassauci ba.

Zamanin ƙaura da kwalta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka sake. Masana'antu suka buɗe a Milan da Turin da Filorens da Firato, suna neman ma'aikata, suna biyan albashi wata-wata. Samarin ƙauye kuwa, waɗanda suka ga iyayensu da kakanninsu sun ƙare rayuwarsu suna noma ƙasar da ba tasu ba, a gidajen da babu wutar lantarki ba ruwan famfo, suka ɗaure kayansu suka nufi birni. A cikin shekarun 1950 da 1960 gidajen gona masu yawa suka zama kango, ƙofofinsu a buɗe, ciyawa ta cinye farfajiyarsu. A shekarar 1964 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba, a wannan shekarar kuma aka kammala babbar hanyar mota da ta haɗa Milan da Nafoli, wadda ta ratsa Toskana ta gabashin Siyena. Babur ɗin nan Vespa, wanda kamfanin Piaggio ya fara ƙerawa a 1946 a garin Pontedera na wannan lardi, da ƙaramar motar Fiat 500 da ta fito a 1957, su ne suka zama muradin kowane saurayi. Keke kuwa, wanda a da shi ne dokin talaka, ya koma alamar wanda zamani ya bari a baya.

Kwalta ta bi inda mutane suke, ta haɗa gari da gari. Hanyoyin da ke zuwa gidajen da aka yi wa ƙaura kuwa babu wanda ya ga dalilin kashe musu kuɗi, saboda haka aka bar su yadda kakanni suka san su. Bisa haƙiƙa, abin da ya fara tsare fararen hanyoyi shi ne rashin masu nema musu gyara. Sai dai irin wannan tsaro ba ya ɗorewa, domin da baƙi masu hali daga Ingila da Jamus da manyan biranen Italiya suka fara sayen tsofaffin gidajen suna gyarawa, gonakin inabi kuma suka sake samun kasuwa, sai kwalta ta sake motsawa, tana cin hanya ɗaya bana, ɗaya baɗi, ba tare da an yi shela ba.

Mutumin Gayole da tafiyar jarumai

A yankin Kiyanti, arewa maso gabas da Siyena, akwai wani ƙaramin gari mai suna Gayole, wanda mutanensa duka ba su kai dubu uku ba. A nan ne aka haifi Giancarlo Brocci, mutum mai sha'awar tarihin tseren keke, wanda ya tashi yana jin labarin gwanayen da suka gabata daga bakin dattawan garinsu. Mafi girma a cikin waɗannan gwanaye a wurin mutanen Toskana shi ne Gino Bartali, ɗan wani ƙauye kusa da Filorens, wanda ya ci babbar gasar kewaya Faransa a 1938, ya sake cin ta a 1948, kuma wanda a lokacin yaƙi ya riƙa ɓoye takardun shaida a cikin ƙarafan kekensa, yana kai su tsakanin Filorens da Asisi da sunan atisaye, domin kuɓutar da Yahudawan da ake farauta. Shi da abokin hamayyarsa Fausto Coppi sun yi tserensu ne a kan hanyoyin da yawancinsu tsakuwa ne, da kekuna masu nauyi, da tayar canji a saɓe a kafaɗa.

Brocci ya ga cewa abubuwa biyu suna shirin ɓacewa tare, wato hanyoyin da kuma irin juriyar da suka tarbiyyantar a zukatan mutane. Ya kuma fahimci cewa takardar koke ba za ta tsayar da injin kwalta ba, sai dai idan hanyar ta sami jama'ar da ke bin ta, masu ƙaunarta, waɗanda zuwansu zai amfani mai shago da mai masauki da manomi. A watan Oktoba na 1997 shi da abokansa suka shirya tafiyar keke ta farko daga Gayole, suka sa mata suna L'Eroica, wato ta jarumai. Mutum 92 ne suka hallara. A yau dubban mutane ne suke taruwa a wannan ƙaramin gari a farkon watan Oktoba na kowace shekara, har sai da aka iyakance adadin masu shiga, an kuma kafa irinta a wasu ƙasashe, daga ciki har da Japan da Amurka da Jamus da Afirka ta Kudu.

Tafiyar tana da sharuɗɗan da suka bambanta ta da sauran. Ba a shiga sai da keken tsere na da, ƙirar 1987 ko kafin haka, ko wanda aka ƙera bisa wannan siffa: jikinsa na ƙarfe, maɓallan canza giya a kan ƙarfen da ya gangaro ƙasa daga wuyan keke, wayoyin birki a waje sun yi baka a bisa kan keke, feda kuma mai ɗan keji da maɗaurin fata da ake zura ƙafa a ciki. Yawancin mahaya sukan sa rigunan ulu irin na iyayensu. Akwai gajeriyar hanya ta kilomita 46 ga mai son ɗanɗanawa, akwai matsakaita, akwai kuma doguwar mai kilomita 209, wadda jimillar hawan da ke cikinta ta haura mita 3,000, kuma kusan rabinta tsakuwa ce. Ba a ba wanda ya riga isowa kyauta. Abin da ake nema shi ne mutum ya gama, a buga masa hatimi a katinsa a kowane zango.

Masu doguwar hanya sukan tashi tun kafin ketowar alfijir, cikin sanyi, kowa da 'yar fitilarsa. Bayan tafiya kaɗan sai su iso hawan da ke kaiwa ga tsohuwar ganuwar Brolio, gidan zuriyar Ricasoli, inda akan jera fitilun wuta a gefen hanya dama da hagu a tsakanin dogayen itatuwa. A nan hira take yankewa. Ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, da kukan sarƙa tana neman haƙorin giya, da numfashin mutane. Wani ya miƙa hannu ƙasa ya ja maɓallin giya sarƙar ta zame, ya sa ƙafa a ƙasa, na bayansa ya kauce masa da ƙyar. Wani dattijo mai furfura ya wuce su a zaune daram bisa sirdi, yana taka feda a hankali kamar ba hawa yake yi ba. Idan rana ta ɗaga, suka bar kurmin Kiyanti suka kewaye Siyena, sai ƙasa ta buɗe, su shiga yankin yumɓu mai launin toka wanda masana ƙasa suka ce teku ce ta taɓa rufe shi a zamanin da, inda babu inuwa sai ta gajimare, daga nan su haura Montalcino, su juyo arewa ta Ashano. A zanguna kuwa mutanen ƙauye ne suke tarbarsu da abincin manoma: burodi da man zaitun, da cuku, da inabi, da wata miya mai kauri ta wake da ganyen kabeji da busasshen burodi, wadda ake kira ribollita, abincin da matan gidajen gona suka ƙirƙiro domin kada ragowar jiya ta tafi a banza.

Fuskar da aka fi sanin wannan tafiya da ita ita ce ta marigayi Luciano Berruti, dattijo mai murɗaɗɗen gashin baki, wanda ya riƙa hawan waɗannan tuddai da keken farkon ƙarni na 20 mai giya ɗaya, har zuwa rasuwarsa a 2017. Abin da shi da ire-irensa suke karantarwa a aikace shi ne cewa akwai wani daɗi da ba a samunsa sai ta hanyar mashaƙƙa, kuma jiki yana da haƙƙin a gajiyar da shi a kan abin da ya dace.

Keken tsakuwa da ladubban hawansa

Tafiyar Oktoba sau ɗaya ce a shekara, amma hanyar tana nan duk shekara, an kafa mata alamomi na dindindin, kowa yana iya bin ta a yini ɗaya ko a kwana uku gwargwadon ƙarfinsa. Mafi yawan masu zuwa a sauran watanni kuwa ba da tsohon keke suke zuwa ba, da wani sabon iri suke zuwa wanda aka ƙera musamman domin tsakuwa. Kansa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, galibi tsakanin milimita 38 da 45, alhali ta keken kwalta ba ta cika wuce 30 ba. Sirrin abin yana cikin iska: taya mai faɗi ba ta bukatar a cika ta tam, saboda haka idan ta hau dutse sai ta lotsa ta rungume shi maimakon ta yi tsalle, ta haka mahayi yake samun riƙo a ƙasa, gaɓoɓinsa kuma su huta daga girgiza. Da yawa daga cikin waɗannan tayoyi ba su da tib a ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zuba musu, wanda idan ƙaya ko tsinin dutse ya huda tayar sai ya bi iskar ya toshe ramin tun mahayi bai sauka ba. Birkinsu kuwa faifai ne a tsakiyar ƙafa, wanda taɓo da ruwa ba sa rage masa kamu kamar yadda suke yi wa birkin roba.

Ita kuma hanyar tana da ɗabi'un da dole a koya. A wurin hawa, wanda ya miƙe tsaye a kan feda zai ji ƙafar baya tana juyawa a banza tana watsa tsakuwa, domin ya ɗauke mata nauyi. Dabara ita ce ya zauna, ya sa giya mai sauƙi, ya taka daidai wa daida. A wurin gangara, sai ya ja jikinsa baya, ya sassauta riƙon da ya yi wa kan keke, ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, domin wanda ya matse birkin gaba a tsakiyar kwana a kan tsakuwa ƙasa ce za ta karɓe shi. Akwai gargada da tayoyin motoci suke bari, akwai kwazazzaban da ruwan sama yake haƙawa a tsaye, akwai gefen da tsakuwa ta taru ta yi laushi. Idon mahayi yana can gaba yana zaɓar layin da ƙasa ta fi tauri. Da zafi ƙura takan shiga haƙora da sarƙa, da hunturu kuma yumɓu yakan liƙe wa taya har ta ƙi juyawa, shi ya sa masu sani suka fi son bazara da kaka.

Idan aka tambayi dalilin da ya sa jama'a suka karkata ga irin wannan hawa a zamaninmu, amsa ta farko ita ce tsoron mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Italiya kanta ta ɗanɗani wannan baƙin ciki a kan gwanayenta: a watan Afrilu na 2017 mota ta buge Michele Scarponi yana atisaye kusa da garinsu ya rasu, a watan Nuwamba na 2022 kuma babbar mota ta yi ajalin Davide Rebellin. A kan farar hanya kuwa mutum yakan yi sa'a guda bai haɗu da komai ba sai tarakta ko motar mai gona, ita ma tana tafe a hankali, ƙurarta ta sanar da zuwanta tun daga nesa. Da zuciya ta huta daga sauraron abin da ke tahowa ta baya, sai ido ya sami damar duban halittar Ubangiji, abokan tafiya su jera kafaɗa da kafaɗa suna zance. Wannan dalili ne ya sa abin ya bunƙasa a wasu ƙasashe ma: a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mutum 34 ne suka fara wata gasa ta mil 200 a kan hanyoyin makiyaya a 2006, wadda yanzu ake kira Unbound Gravel, dubbai kuma suke halarta, a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar zakarun duniya ta tsakuwa karo na farko, a lardin Beneto na Italiya.

Ranar gwanaye

Shekaru goma bayan tafiyar farko ta Gayole, a 2007, aka buɗe gasar ƙwararru a kan waɗannan hanyoyi, ɗan Rasha Alexandr Kolobnev ya cinye ta. Daga shekara mai bi mata aka mai da ita farkon watan Maris, a 2015 kuma aka ƙara ta mata. Duk da ƙuruciyarta, ta sami daraja irin ta tsofaffin gasanni masu shekara ɗari. Ɗan Suwizalan Fabian Cancellara ya ci ta sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, saboda haka aka sa sunansa a kan sashen Monte Sante Marie, mai tsawon kilomita 11.5, wanda shi ne mafi tsanani. A kan wannan sashe ne ɗan Silobeniya Tadej Pogačar ya tsere wa kowa a 2024, saura kilomita 81 a gama, ya isa shi kaɗai. A 2025 kuma ya faɗi a wata gangara ya ƙuje jikinsa, ya tashi ya sake hawa, ya ci gasar karo na uku. Ƙarshen tseren yana cikin birnin Siyena ne, inda bayan wahalar yini mahaya suke fuskantar wani siririn titi mai shimfiɗar duwatsu, wanda tsayuwarsa ta kai kashi 16 cikin ɗari, kafin su gangara dandalin Campo, filin da ake sukuwar dawaki ta gargajiya a ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta.

Fa'idar wannan gasa ga hanyoyin ita ce ta nuna su ga duniya ta talabijin, ta sa kowace hukumar gari ta gane cewa farar hanyar da ke cikin iyakarta abin alfahari ce, wanda ya rufe ta da kwalta kuma zai amsa tambayoyi daga mutane da yawa.

Haƙƙin mazauna

Mai karatu wanda hanyar ƙauyensu take yankewa da zarar damina ta kankama, wanda ya san tashin hankalin neman motar da za ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare, yana da hujja idan ya ce yabon hanyar burji magana ce ta wanda ya ƙoshi. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma amsarsa ita ce a faɗi bambancin a fili. Garuruwan Toskana duka suna da kwalta mai kyau da ta sada su da birni da asibiti da makaranta. Fararen hanyoyi ƙari ne a bisa wannan, kuma ba a bar su haka kawai ba, ana kankare su da injin, ana ƙara musu tsakuwa, ana share magudanan ruwan da ke gefensu. Tsare tsohon abu yana halatta ne bayan an biya larura, wanda kuma ya hana mabukaci hanya da sunan kiyaye kyawun karkara ya yi zalunci.

Ko a Toskana ɗin ma mas'alar ba ta rasa sarƙaƙiya ba. Mai gidan da ke bakin hanya shi ne yake share ƙura daga tagoginsa, shi ne motarsa take lalacewa da wuri, alhali baƙo yini biyu zai yi ya tafi. Abin da ya sa ma'auni ya rinjaya shi ne amfanin ya fara isa ga mazauna. Tun a 1985 Italiya ta kafa dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gonarsa ya ciyar da su daga amfaninta, ta haka gidaje da yawa da suka zama kango suka sake samun rufi da hayaƙin girki. A 2004 hukumar UNESCO ta sa kwarin Orca, da ke kudancin Siyena, cikin wuraren tarihi na duniya, saboda siffar karkararsa wadda hannun manoma ya tsara. Mai keke kuwa baƙo ne mai albarka ga ƙaramin gari, domin ba ya wucewa da gudu. Yunwa takan tsayar da shi, ƙishirwa ta tsayar da shi, dare ya yi masa a inda mai mota ba zai ko waiwaya ba, kuma yakan zo a watannin da sauran baƙi suka ɗauke ƙafa.

A kansa shi ma akwai haƙƙin hanya, kamar yadda malamai suka karantar cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai amfani da ita: ya ba tarakta wuri domin mai ita aiki yake yi, ya rage gudu idan ya iso garken tumaki ko masu tafiya a ƙasa, kada ya ratsa gonar mutane, kada ya yar da shara, ya yi gaisuwa, ya sayi abincinsa a wurin mutanen gari. Muddin baƙi suka kiyaye wannan, hukumomi kuma suka ci gaba da ware kuɗin gyara kowace shekara, suka saurari mazauna kafin su yanke hukunci a kan kowace turba, to, fararen hanyoyi za su ɗore. Idan kuwa ribar ta tattaru a hannun kamfanonin yawon buɗe ido, ƙura kaɗai ta rage wa manomi, to shi da kansa zai nemi kwalta, kuma babu mai ikon ganin laifinsa. Brocci da abokansa sun yi nasara ne saboda sun haɗa maslahar mai hawa da ta mai gida a wuri guda, kuma wannan ita ce amanar da ta rataya a wuyan waɗanda za su gaje su.